Barbara McClintock: Matar da ta gano sirrin ɗigo-ɗigon da ke jikin tsabar masara

Duk wanda ya taɓa zama gaban tulin masara a lokacin kaka, a Musawa ne ko Malumfashi ko ƙauyukan Funtua, ya san wannan abu. Ana cikin ɓare masara fara tas, sai a ci karo da guda ɗaya da ta fita daban: ga tsaba fara, ga rawaya, ga ja, duk a jikin totuwa ɗaya. Wani lokaci ma tsaba guda za a gani da ɗigo-ɗigo a jikinta kamar ƙwan zabuwa. Yara su yi ta rige-rigen ɗauka, manya su ce ikon Allah, a ci gaba da aiki.

Waɗannan abubuwa biyu kowane da dalilinsa. Idan fara ce kusa da rawaya a totuwa ɗaya, galibi iska ce ta kwaso bununi daga gonar maƙwabci mai wani iri, domin kowane silin gemun masara tsaba ɗaya yake haifarwa, kuma kowace tsaba tana iya samun uba daban. Shi kuwa ɗigo-ɗigon da ke jikin tsaba guda, al'amari ne da ya daɗe yana ɗaure wa masana kimiyya kai.

Wadda ta warware shi wata Ba'amurkiya ce mai suna Barbara McClintock, wadda ta shafe fiye da shekara 60 tana nazarin masara. Tambayar da ta sa a gaba ta wuce batun launi. So take ta san abin da ke sa wata ƙwayar gado a jikin mai rai ta kama aiki a wani lokaci, ta yi shiru a wani lokacin. Wannan tambaya ita ce yau masu ƙirƙiro sabon iri da masu binciken cutar sankara suke ta bibiya.

Yarinyar da aka so hana wa jami'a

An haife ta ranar 16 ga Yunin 1902 a garin Hartford da ke jihar Connecticut a Amurka. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya huɗu na wani likita, Thomas Henry McClintock, da matarsa Sara. Sunan yankanta Eleanor, amma tun tana ƙarama iyayen suka ga sunan ya yi wa halinta laushi, suka mayar da shi Barbara. Gidan ba mai wadata ba ne a lokacin, har ta yi wasu shekaru na yarinta a hannun dangi. A 1908 iyalin suka koma unguwar Brooklyn a birnin New York, inda ta gama sakandare a 1919.

A nan aka fara kai ruwa rana. Mahaifiyarta ba ta so ta shiga jami'a ba, don tsoron kada ilimi ya yi mata yawa ta rasa mijin aure. Mai karatu a ƙasar Hausa ba ya buƙatar a fassara masa wannan fargaba. Mahaifinta, wanda ya yi aikin likitan soja a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya dawo ya goya mata baya. A shekarar ta shiga Kwalejin Aikin Gona ta Jami'ar Cornell.

A 1921 ta ɗauki darasinta na farko kan ilimin gado. Malamin, C. B. Hutchison, ya lura da kaifin basirarta, sai a 1922 ya buga mata waya ya gayyace ta ajin manyan ɗalibai. Ta kammala digirin farko a 1923, na biyu a 1925, sannan digirin digirgir a fannin ilimin tsirrai a 1927.

Kuromosom goma na masara

Jikin kowane mai rai, mutum ko dabba ko tsiro, a gine yake da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira sel. A tsakiyar kowane sel akwai wasu zarurruka da ake kira kuromosom, kuma a jikinsu ƙwayoyin gado suke jere kamar duwatsun carbi. Su ne ke ɗauke da umarnin tsayi da launi da kama da duk abin da ɗa ke gada daga iyaye. Ɗan Adam yana da tagwayen kuromosom 23, masara tana da 10.

A zamanin da McClintock ta fara aiki, an san adadin na masara, amma babu mai iya bambance wannan da wancan a ƙarƙashin madubin maikuroskof. Ita ta gyara hanyar rina su da wani jan rini, ta kuma zaɓi matakin da ya fi dacewa a duba su, har ta iya tantance kowane ɗaya daga cikin goman ta tsayinsa da siffarsa. Ta wallafa wannan a 1929. Daga nan aka samu damar cewa ƙwayar gado kaza tana kan kuromosom kaza.

Cornell ta wancan lokaci matattarar masu binciken masara ce a ƙarƙashin Farfesa Rollins Emerson. Cikin matasan da ke tare da ita akwai Marcus Rhoades, wanda ya zama amininta na tsawon rai, da George Beadle, wanda ya ci kyautar Nobel a 1958.

A 1931 ita da ɗalibarta Harriet Creighton suka fitar da aikin da ya sa sunanta a littattafan kimiyya. An daɗe ana zaton cewa lokacin da jiki ke shirya ƙwayoyin haihuwa, kuromosom na uwa da na uba sukan rungumi juna su yi musayar gutsattsari. Babu dai wanda ya ga hakan da idonsa. Sai suka samu wata masara da kuromosom ɗinta na 9 ke da alama a kowane ƙarshe, ƙulli a gefe ɗaya, wani ƙarin tsawo a ɗaya gefen. Suka bi waɗannan alamu a jikin 'ya'yan, suka nuna cewa duk inda halaye suka cakuɗa, to zaren kansa ya yi musayar. Wannan cakuɗawa tana cikin dalilan da ke sa manomin da ya ajiye iri daga masarar aure ya shuka baɗi, yakan ga gonar ta fito wata doguwa wata gajera.

Suna ya fita, aiki ya gagara

Duk da wannan nasara, Cornell ba ta ba ta kujerar koyarwa ta dindindin ba, domin a lokacin ba kasafai ake ba mata irin wannan matsayi ba. Ta koma rayuwa da tallafin bincike na shekara ɗaya ko biyu, tana zirga-zirga a motarta tsakanin Cornell da Jami'ar Missouri da Kalifoniya. A 1933 ta samu tallafin Guggenheim ta tafi Jamus, amma ta tarar 'yan Nazi sun karɓi mulki, masana Yahudawa na ta barin ƙasar. Ba ta cika wa'adinta ba ta dawo gida.

A 1936 Jami'ar Missouri ta ɗauke ta a matsayin mataimakiyar farfesa. A can ta yi nazarin abin da ke faruwa idan kuromosom ya karye. Ta gano cewa karyayyen baki ba ya zama haka nan, sai ya nemi wani karyayyen ya manne da shi. Idan sel ya zo rabuwa biyu, sai a ja zaren ta gefe biyu ya sake tsinkewa a wani wuri, haka abin zai yi ta maimaituwa. Ta kuma fahimci cewa lafiyayyen kuromosom yana da wata kariya a bakinsa da ke hana shi wannan mannewa. Shekaru da dama bayan haka aka tarar da irin wannan karyewa da mannewa a cikin sel na sankarar ɗan Adam.

Zaman Missouri bai yi mata daɗi ba. Ba a sa ta a tarukan malamai, kuma ta ga babu alamar ƙarin girma. A 1941 ta tattara nata ya nata ta bar wurin ba tare da ta san inda za ta dosa ba. A ƙarshen shekarar Milislav Demerec, shugaban sashen ilimin gado na Cibiyar Carnegie da ke Cold Spring Harbor kusa da New York, ya ba ta wuri na wucin gadi. Daga baya aka tabbatar mata da shi. Ta samu ɗakin bincike da 'yar gona da albashi, babu koyarwa babu mai sa mata ido. A nan ta zauna shekara 50, har ƙarshen rayuwarta.

A 1944 aka zaɓe ta cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka, mace ta uku da ta taɓa shiga. A 1945 ta zama mace ta farko da ta shugabanci Ƙungiyar Masana Ilimin Gado ta ƙasar.

Ƙwayoyin gado masu tsalle

Aikinta aikin manomi ne na gaske. Sau ɗaya take shuka a shekara. Da hannunta take rufe furen saman masara da goyon da jakunkunan takarda don kada iska ta kawo baƙon bununi, da hannunta take ɗaura auren wannan tsiro da wancan, ta rubuta lambar kowane. Idan sanyi ya shigo sai ta koma ɗaki da tsabar, tana duba su ɗaya bayan ɗaya.

A daminar 1944 ta shuka wasu masara da suka gaji karyayyen kuromosom na 9. Da suka tsiro sai ta ga ganyayensu da zane-zane na fari da rawaya da kore. Abin da ya ja hankalinta shi ne zanen yana da tsari. A wasu ganyayen takan ga yanki biyu maƙwabtan juna, ɗaya zanensa ya ƙaru, ɗayan nasa ya ragu, kamar wani abu da ɗaya ya rasa ne ɗayan ya samu lokacin da sel ɗin da ya haife su ya rabu biyu. Ta ƙudurta sai ta gano wannan abu.

Bayan shekaru na aure da ƙirga, ta gano abubuwa biyu. Na farko wani gurbi ne a kan kuromosom na 9 inda zaren ke yawan karyewa, ta raɗa masa suna Ds. Na biyu wani ne can daban, wanda sai yana nan Ds ke motsi, ta kira shi Ac. A 1948 ta ga abin da babu wanda ya yi tsammani: Ds ya bar gurbinsa ya koma wani wuri. Shi ma Ac yana ƙaura.

Ga yadda wannan ke haifar da ɗigo-ɗigo. Akwai ƙwayar gado da ke sa fatar tsabar masara ta yi launi. Idan Ds ya yi tsalle ya faɗa cikinta, sai ta daina aiki, tsabar ta fito fara. Amma yayin da tsabar ke girma, idan Ac yana nan, a wasu sel ɗin Ds yakan sake tashi ya bar wurin. Nan take ƙwayar launin ta farfaɗo, kuma duk sel ɗin da suka fito daga wannan sel za su yi launi. Idan tsallen ya faru da wuri, ɗigon ya yi faɗi. Idan ya faru a makare, ɗigon ya zama ɗan mitsitsi. Ke nan da ganin tsaba guda McClintock tana iya faɗin lokacin da abin ya auku da yawan aukuwarsa.

A wajenta tsallen ba shi ne babban labari ba. Sel ɗin saiwa da na ganye da na gemu duk ƙwayoyin gado iri ɗaya suke ɗauke da su, to me ya sa suka bambanta? Ta yi imani cewa dole akwai masu ba da umarni, masu cewa wannan ta tashi, waccan ta kwanta. Shi ya sa ta kira abubuwan da ta gano da sunan masu sarrafawa.

Shirun 1951

Ta wallafa sakamakon a 1950, sannan a 1951 ta gabatar da shi gaban manyan masana a taron shekara-shekara na Cold Spring Harbor. Yawancin mahalarta ba su gane inda ta dosa ba. Bayanin yana da sarƙaƙiya, kuma ya ci karo da abin da kowa ya yarda da shi, cewa kowace ƙwayar gado tana da gurbinta da ba ta barinsa. Ta sake fitar da wata maƙala a 1953, mutane ƙalilan suka nemi kwafinta. Daga nan ta rage aika wannan aiki ga manyan mujallu, ta koma rubuta shi a rahoton shekara na Cibiyar Carnegie.

Hankalin duniyar kimiyya ma ya riga ya koma wani wuri. A 1952, a wannan cibiya da take zaune, Alfred Hershey da Martha Chase suka nuna cewa sinadarin DNA ne ke ɗauke da gado. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa a Ingila. Matasan masana suka rungumi ƙwayoyin bakteriya, masu hayayyafa cikin mintuna, aka bar masara mai ba da amsa sau ɗaya a shekara.

An sha ba da labarinta a matsayin wadda kowa ya yi wa dariya. Masanin tarihin kimiyya Nathaniel Comfort, wanda ya bi takardunta ya fitar da littafi a 2001, ya nuna cewa abin bai kai haka ba. Masu binciken masara sun yarda da tsallen da wuri, domin R. A. Brink a Jami'ar Wisconsin da Peter Peterson sun ga irinsa a nasu gonakin tun farkon shekarun 1950. Abin da aka ƙi karɓa shi ne ra'ayinta cewa waɗannan masu tsalle su ne ke tafiyar da girman tsiro gaba ɗaya. Kuma ko a lokacin ana girmama ta a matsayin gwanar da babu kamarta a fanninta.

Daga 1957 ta buɗe wani babi. Ta riƙa zuwa Meksiko, inda masara ta samo asali, da ƙasashen Kudancin Amurka, tana nazarin kuromosom na irin gargajiya da manoma suka gada kaka da kakanni, tana kuma horar da matasan masana na can. Ana fargabar sababbin iri za su shafe na gargajiyar. Sakamakon wannan aiki ya fito a 1981, tare da Almiro Blumenschein da Takeo Angel Kato.

Lokacin da aka waiwayo ta

A 1961 wasu Faransawa biyu, François Jacob da Jacques Monod, suka nuna cewa a jikin bakteriya akwai ƙwayoyin gado da aikinsu shi ne kunna wasu da kashe su. McClintock ta rubuta maƙala a shekarar tana kwatanta nasu da nata. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka fara ganin gutsattsarin DNA masu tsalle a bakteriya, aka kuma gano cewa suna cikin hanyoyin da ƙwayoyin cuta ke miƙa wa juna ƙarfin bijire wa magani. Sai aka gan su a yis, aka gan su a ƙuda, aka gan su a mutum. A farkon shekarun 1980 Nina Fedoroff da abokan aikinta suka ciro Ac da Ds kansu daga masara, aka karanta su.

Lambobin yabo suka biyo baya. Ta samu lambar kimiyya ta ƙasa ta Amurka ta 1970. A 1981 kaɗai ta samu kyautar Lasker da ta Wolf da tallafin Gidauniyar MacArthur. Ranar 10 ga Oktoban 1983 aka sanar da cewa ta ci kyautar Nobel a fannin likitanci, tana da shekara 81, shekara 35 bayan ta ga Ds ya yi ƙaura. Ita ce mace ta farko da ta ci kyautar wannan fanni ita kaɗai ba tare da an raba da kowa ba.

Shahara ba ta canja mata rayuwa ba, hasali ma takura mata ta yi. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, ta ci gaba da zuwa ɗakin bincikenta da karɓar matasan masana masu neman shawara. Ta mutu ranar 2 ga Satumbar 1992 a Huntington, kusa da Cold Spring Harbor, tana da shekara 90.

Amsar da ta zo bayan mutuwarta

Tambayarta ta asali, wato wa ke sa ƙwayar gado ta yi shiru, ba ta gama samun amsa ba a rayuwarta. Don a gane amsar, a ɗauki DNA kamar kundin da ke ajiye a ofishin hakimi, wanda ba a fita da shi. Idan ana son a ƙera wani abu, magatakarda yakan kwafi shafin da ake buƙata a takarda ya ba ɗan aike ya kai wa maƙera. Wannan takarda ita ce RNA, abin da maƙeran suka ƙera kuma shi ne furotin, wanda ke yin ainihin aiki a jiki.

Hanya ɗaya ta hana aiki ita ce a rufe shafin, kada a kwafa. Irin wannan Jacob da Monod suka gano. Amma akwai hanya ta biyu: a bari a kwafa, sannan a tare ɗan aiken a hanya, a yaga takardar ko a hana a karanta ta. Wannan shi ne sarrafa ƙwayar gado bayan kwafi.

A 1990 Richard Jorgensen da Carolyn Napoli suka ƙara wa wani fure mai suna fetuniya ƙwayar gadon launi don ya ƙara duhu, sai furanni da yawa suka fito fari. A 1993, shekara ɗaya bayan mutuwar McClintock, Victor Ambros da Gary Ruvkun suka gano a jikin wata 'yar tsutsa cewa akwai wani guntun RNA, mai harufa kusan 22 kacal, da ke manne wa takardar saƙo ya hana a yi aiki da ita. Shi ake kira maikuro-RNA. A 1998 Andrew Fire da Craig Mello suka bayyana wata hanyar makamanciyarta da sel ke bi ya lalata saƙon da aka nuna masa. Fire da Mello sun ci Nobel a 2006, Ambros da Ruvkun a 2024. Yanzu an san ɗan Adam yana da irin waɗannan maikuro-RNA fiye da 1,000.

A nan labarin ya komo kan masara. McClintock ta lura tun shekarun 1950 cewa masu tsallenta sukan yi barci na wani lokaci su farka, ba tare da sun bar gurbinsu ba. Bincike ya nuna daga baya cewa tsiro yana amfani da ƙananan RNA wajen gane masu tsallen, ya lalata saƙonsu, ya kuma sa wa gurbinsu alamar kulle. Dole ne ya yi haka, domin da aka karanta DNA na masara baki ɗaya a 2009, an tarar kusan kashi 85 cikin 100 nasa masu tsalle ne ko ragowarsu. A jikin mutum sun kusa rabi.

Daga gona zuwa asibiti

Girman sel ba da ka yake faruwa ba. Saƙo ne ke zuwa daga waje, furotin ya miƙa wa furotin, har ya isa tsakiya a ce wa sel ya rabu biyu. Ɗaya daga cikin manyan masu miƙa wannan saƙo shi ne furotin RAS. A 2005 aka nuna cewa wani maikuro-RNA mai suna let-7 yana rage yawan RAS ta hanyar tare takardarsa, kuma a wasu nau'o'in sankarar huhu let-7 ɗin yakan yi ƙaranci. Tun 2002 ma an gano cewa wasu maikuro-RNA biyu sukan ɓace a wani nau'in sankarar jini. Idan mai tare ɗan aike ya ɓace, umarnin a rabu sai ya yi ta isa babu ƙaƙƙautawa, ƙari ya fito.

Akwai misalin da ya fi kusa da mu. Sankarar nan da ke kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashen Afirka masu fama da zazzaɓin cizon sauro, har da Najeriya, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, tushenta ƙaura ce. Wani yanki na kuromosom na 8 mai ɗauke da ƙwayar gadon girma da ake kira MYC yakan karye ya koma, galibi kan na 14, kusa da wani gurbi mai tsananin aiki. Ƙwayar ba ta lalace ba, maƙwabta ta canja, sai ta kasa yin shiru. Wannan ba irin tsallen Ds ba ne, amma ya gaskata abin da McClintock ta nace a kai, cewa inda ƙwayar gado ta zauna yana iya sauya halinta.

A jikin masara kuwa, a 2007 masana a Kalifoniya suka nuna cewa maikuro-RNA ne ke tsara lokacin da tsiron zai bar ƙuruciya ya balaga, wani kuma yana da hannu wajen raba furen sama na namiji da goyo na mace. Idan na farkon ya yi yawa, masarar takan tsaya tana ta 'ya'ya a gindi kamar ciyawa.

Ra'ayin McClintock cewa masu tsalle ne ke jan ragamar girman tsiro gaba ɗaya bai tabbata yadda ta faɗe shi ba. Amma a wurare da dama ta yi daidai, kuma ɗaya daga cikinsu yana tsaye a kowace gona. Kakar masara wata ciyawa ce ta Meksiko mai suna tiyosinte, mai rassa barkatai da 'yan tsaba kaɗan, wadda manoman can suka fara sarrafawa kimanin shekara 9,000 da suka wuce. A 2011 John Doebley da abokan aikinsa suka nuna cewa wani mai tsalle ne ya sauka kusa da ƙwayar gadon da ke hana rassa, ya ƙara mata ƙarfi. Manoman farko suka zaɓi irin wannan tsiro suka yi ta ajiye irinsa. Dalilin da ya sa masara ke tashi da kara ɗaya miƙaƙƙe ke nan.

Masu tsallen sun kuma zama kayan aiki. Idan ɗaya ya faɗa cikin wata ƙwayar gado ya kashe ta, masana sukan bi sawunsa su kamo ƙwayar. Ta haka a 1987 aka kamo opaque-2, ƙwayar da aka gina masara mai ingantaccen furotin a kanta. Irin Obatanpa da Ghana ta fitar a 1992 daga wannan dangi yake, kuma shi ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar wa manomanmu da sunan SAMMAZ 14.

Dattawan kudancin Katsina suna tuna lokacin da masara abar bayan gida ce, a gasa a ci ɗanya kafin gero ya nuna, dawa da auduga ne ke da manyan gonaki. Shirin bunƙasa aikin gona na Funtua da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, tare da takin zamani da sababbin iri irin su TZB daga cibiyar IITA ta Ibadan, su suka mayar da ita amfanin da ke cika kasuwannin Dandume da Bakori da Funtua. McClintock ba ta ƙirƙiro ko ɗaya daga cikin waɗannan iri ba. Taswirar kuromosom ɗin da masu ƙirƙirar ke aiki da ita har gobe, lamba 1 zuwa 10, ita ta fara zana ta a 1929.